Kada a Taɓa Bangon Inna

Auta,

Gaisuwa mai yawa daga Yayarki, tare da fatan aikin asibiti bai ƙarasa kwashe ɗan naman da ya rage miki a kumatu ba. Mu nan lafiya, daidai gwargwado. Tarin Inna ya lafa, ƙafar ce dai take kumbura in ta daɗe a tsaye, kuma kin san uwar taki, zama a wurinta horo ne. Ta ce in gaya miki maganin da kika aiko ya fi na da ɗaci, saboda haka ta yarda yana aiki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba maimakon saƙo a waya. Tun da aka kama mai askin bakin titi don ya ɗauki bidiyon ruwan kwata ya watsa, kowa ya shiga taitayinsa. Wai ya karya dokar nan ta hana yaɗa abin da ke zubar da mutuncin hukuma. An sake shi, amma yanzu ko sannu ka yi masa sai ya waiga kafin ya amsa. Lauyarmu ta ce maganar shari'a kada ta ƙara bi ta waya. Shi ya sa kika gan ni da biro, ni da rabona da rubutu tun makaranta in ban da awon riga.

To ga labari. Kin san ƙarar da ƙungiyar unguwa ta kai hukumar birni, a kan kwatar da suka karkato ta bayan gidajenmu lokacin da suka yi sabon titi. Mun sha zarya har mun gaji. A zaman ƙarshe alƙali ya ce hotuna sun ishe shi, zai zo da ƙafarsa ya gani. Da kin ga Hedimasta, shugaban namu, dattijo da furfurarsa yana tafi a bakin kotu kamar ɗan firamare.

Ke ba ki ga ɓarnar bana ba. Ruwan ya shigo ɗakin Inna har ƙuguna, baƙi wuluk, da ya janye ya bar layi a bango kamar an ja da gawayi. Daga layin zuwa ƙasa siminti yana ɓamɓarewa, ga wani kore-kore da ke tsirowa a lungu. Gadonta a kan bulo yake yanzu. Warin kuwa mu mun saba, sai mai kawo ɗinki ya shigo shago na ga yana haɗiyar yawu nake tunawa. Lauya ta zaga gida-gida, ta ce ɗakin Inna ya fi kowanne muni, shi za a fara nuna wa alƙali, kuma ni zan yi bayani. Ta kafa mana doka: ba wanki, ba fenti, ko turare kada a kunna.

Nan fa ake yin ta. Inna ta ce, "Wane irin baƙo ne za a ce kada a share masa wuri?" Na ce, "Inna, ba baƙo ba ne, alƙali ne." Ta ce, "To alƙalin ba shi da hanci ne?" Tun ranar take bin bangon da ido, ta ɗauki tsumma ta ajiye, ta sake ɗauka. Matar da ko ranar da Baba ya rasu sai da ta goge taga kafin ta yarda a buɗe wa masu gaisuwa ƙofa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Na ɗauka lauyan hukuma zai tashi ya yi ta kumfar baki yadda ya saba. Sai ya miƙe yana murmushi ya ce ba su da ja, su ne ma za su kawo motar da za ta ɗauki kowa. Hedimasta ya ce tsoro ne ya kama su. Allah ya sa haka ne.

Ki ba direban amsa in zai juyo. Inna na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci a zaune.

Yayarki

* * *

Yaya,

Takardarki ta same ni lafiya, a tsaye na karanta ta a ɗakin ajiyar magani, ina dariya ni kaɗai har mai shara ta leƙo. Kumatuna na nan, ki daina yi musu baki. A ce wa Inna ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. In kumburin ya haura gwiwa ko wurin ya yi zafi kada a jira, a kai ta a duba.

Alƙali zai zo! Wallahi ji na yi kamar in tashi sama. Shekara da shekaru muna ɓoye ƙazantar da ba mu muka yi ta ba. Su zubo mana ruwa, mu kwashe, mu wanke, mu kunna turare, sannan mu ji kunya a madadinsu. A nan ma haka ne. Duk ranar da wani babba zai ziyarci asibiti sai a fito da sababbin zannuwan gado daga sito, a kwashe marasa lafiyar da ke kwance a baranda a tura su ɗakin baya. Ya zo ya yaba ya tafi, a mayar da zannuwa. Shi ya sa ƙungiyarmu ta yanke shawarar shiga yajin aiki, kuma ni na fara ɗaga hannu.

Na san za ki ji maganar dokar da majalisa ta amince da ita a makon nan, wadda ta ba hukuma ikon kwashe mutane daga duk wurin da aka ce bai dace da zaman mutum ba. An yi ta musu a kanta a ɗakin shan shayi. Ni a ganina barazana ce kawai, don talaka ya ji tsoron buɗe baki ya ce yana cikin wahala. Kuna da takardun gidajenku, kada wani ya razana ku. Murmushin lauyan hukuma ma na wanda ya ga ba mafita ne.

Ga abin da nake roƙonki. Kada a taɓa bangon nan, Yaya, ko da ɗan yatsa. Inna ta tsufa, ba za ta gane abin da ake ciki ba, ita dai damuwarta kada a ce ɗakinta na wari. Yanzu ba lokacin lallaɓa ba ne, unguwa guda ce ta dogara da ɗakin nan. In ta kama ki ɓoye tsummokaran, in ta ƙi ji ki dawo da ita shagonki, ki kulle ɗakin ki jefa makullin a jaka. Za ta yi fushi ta huce, mun sha gani. Na san ki, bakinki ne kawai da kaifi, Inna na ɗaure fuska sai ki narke.

Ki gaida Hedimasta, ki ce tsohuwar ɗalibarsa mai surutu tana jinjina masa.

Autarku

* * *

Auta,

Ina gaisuwa, don ba a fasa gaisuwa ko ana fushi. Kowa lafiya, ƙafar Inna da sauƙi. Ta ƙi matashin, ta ce ba ta karɓar umarni daga wadda ta ce ta tsufa ba ta gane komai.

E, ta ji. Direba ya kawo takardarki ina kasuwa sayen zare, ya ba Inna, ita kuma ɗoki ya hana ta jira na, ta kira matar kafinta maƙwabciyarmu ta karanta mata. Kin san matar kafinta ba ta tsallake ko ɗigo. Ta karanta mata har da makulli a jaka. Na dawo na tarar da Inna zaune a bakin gado, ta ninke takardar ta ɗora a cinya. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ashe 'ya'yana sun gama shawara a nuna ni a cikin ƙazanta." Ke kina can kina ɗaga hannu a taro, ni ce nake kallon fuskar nan safe da yamma.

Amma ba wannan ne ya zaunar da ni rubutu ba. Wasu mutane sun zo daga ofishin lafiya na hukuma, da farar riga da abin rufe hanci. Ban taɓa ganin ma'aikatan gwamnati masu ladabi irinsu ba. Suka yi sallama, suka durƙusa suka gaida Inna, suka auna layin bango, suka kankare koren a wata 'yar kwalba. Duk abin da na faɗa sai babbansu ya ce, "Gaskiya ne, Malama." Na ce yara na tari, ya ce ai dole. Na ce rijiya ta lalace, ya ce ko wanki bai kamata a yi da ruwanta ba. Da zai fita ya girgiza kai ya ce, "Wallahi nan bai dace da zaman mutum ba." Na ji daɗi, har rakiya na yi musu. Sai da na koma kan keke ina ɗinki maganar ta dawo mini, na tuna inda na gan ta: a takardarki, inda kike zancen sabuwar doka. Saura kaɗan allura ta ɗinke mini yatsa.

Ba ni kaɗai na lura ba. An yi taro a ajin makaranta, kuma da ƙyar aka tashi ba a ba hammata iska ba. Kafinta ya miƙe ya ce tarko ne, kowa ya wanke gidansa ya yi fenti, alƙali ya zo ya ga mutane masu tsafta ya tafi ya bar mu da ruwanmu. Ya ce, "Ruwa dai da bokiti ake kwashewa. In ku aka kwashe fa?" Lauya ta ce in aka yi fenti shari'a ta mutu, kwatar kuma za ta zauna har jikokinmu. Ta ce dokar sabuwa ce, ta saɓa wa tsarin mulki, ba za su kuskura su gwada ta a kan mutanen da ke gaban kotu ba. Yarinyar nan ba ta taɓa yi mana ƙarya ba, da ƙafa take zuwa mana in motar haya ta yi wuya, amma na ga tana maganar tana murza zoben hannunta. Hedimasta ya sa a ɗaga hannu, masu cewa a bar bango suka yi rinjaye da kaɗan. Duk da haka washegari rabin layinmu warin fenti yake.

Yanzu ɗakin Inna ne babbar shaidar da ta rage. Masu fenti in sun wuce shago ba sa gaishe ni, marasa fenti kuma kullum sai sun leƙo su tabbatar ban ci amana ba.

Ke da kike da lauyoyin ƙungiya a kusa, ki tambayo mini da gaske, ba irin maganar taro ba. Sannan ki amsa mini wannan: in aka tashe mu, ina Inna za ta? Ni zan iya raɓawa a ko'ina da kekena. Ita fa, ɗakinki guda zai ɗauke ta? Ƙarshen wata alƙali zai zo.

Yayarki

* * *

Auta,

Da fatan kina lafiya, tun da ba mu ji akasin haka ba. Ba mu ji komai ba ma. Kullum sai na leƙa tasha, har masu lodi sun fara ce mini matar direba. Shi ban gan shi ba, amma jefi-jefi wata motar kan shigo daga wajenku, da kina so da kin ba wani. Wannan ma ta hannun wani direban na aiko.

Na gane. Tambayar ɗaki ce ta yi miki nauyi. Da kin ce ɗakin ya yi kaɗan ai ba cinye ki zan yi ba. Faɗa da hukuma daga nesa da daɗi, ɗaukar tsohuwa mai tari ne ba daɗi.

Tun da ba ki sake magana ba, na bi maganarki ta farko. Na fito daga shago da rana na tarar kafinta ya ba Inna ragowar fentinsa. Tana durƙushe a bayan ƙofa da ƙafar nan tata, ta riga ta shafe wuri kamar faɗin faranti, fari tas. Na ce ta bari, ta yi kamar ba da ita nake ba. Na kama hannunta na ƙwace buroshin. Auta, hannun ba nauyi ko kaɗan. Ta dube ni ta ce, "Hannuna kika riƙe?" Na ce e. Na kwaso shimfiɗarta da kayan sawarta na kai bayan shago, na jawo akwati na kare farin wurin, na kulle ɗakin.

Tun daga nan ba ta ce mini ci kanki ba. In ni na kawo abinci sai ta bar shi ya huce, matar kafinta ce ke ba ta. Kin ce za ta yi fushi ta huce, mun sha gani. Wannan ba ki taɓa gani ba.

Jibi alƙali zai zo.

Yayarki

* * *

Yaya,

Yau na karɓi takardarki mai labarin masu farar riga, kuma yau nake amsawa, direba na jira na a ƙofar asibiti. Lafiya nake. Ki durƙusa a gaban Inna a madadina ki ce Auta ta tuba, bakina ne ya riga hankalina.

Na baro abokan yajin aiki na tafi ofishin lauyan ƙungiyarmu, dattijo ne da ya ga shari'a iri-iri. Na ba shi labari ina jiran ya ce barazana ce. Sai ya cire tabarau, ya tambaye ni ko hukuma ta ja a kan zuwan alƙali. Na ce a'a, har mota za su kawo. Ya buɗe dokar ya nuna mini. Hukuma ba ta da ikon tashin kowa da ra'ayin kanta, sai kotu ta rubuta a hukunci cewa wurin bai dace da zama ba. In su suka nema, za a daɗe ana ja da su. Amma in ku kuka kawo alƙali, kuka nuna masa, kuka rantse, to kun yi musu aikin. Takardun gida ba za su hana ba, don ba ƙwace za su kira shi ba, ceto za su ce. Ya ce fili a bakin sabon titi ba ya rasa masu so.

Na tambaye shi mafita. Ya ce lauyarku ta nemi a ɗage ziyarar. In ba a samu ba, kada kowa ya furta da bakinsa cewa ba a iya zama a wurin. Ku ce an cuce ku, ku ce a gyara kwata, ku tsaya nan.

Yaya, ki manta duk abin da na rubuta a baya. Ki bar Inna ta wanke ɗakinta, ki taya ta ma. Gara a rasa shari'ar. Ni na zuga ki.

Maganar ɗaki kuwa, har sai kin tambaya? Gadon nata ne, ni tabarma ta ishe ni. Allah dai ya sa kada a kai ga haka, don na san Inna ba za ta ji daɗin saman bene ba, inda ba ta san kowa ba.

Autarku

* * *

Auta,

Muna lafiya. Takardarki ta iso washegarin zuwan alƙali. Direban ya shigo shago da kansa yana ba da haƙuri, wai 'yan sanda sun rufe babbar hanya saboda yajin aikinku, aka tsare motarsa a wani gari, takardar na aljihunsa duk tsawon lokacin. Na karanta, na maimaita, sannan na zauna a kan tulin yadin mutane. Abin da na rubuta miki a kan ɗaki ki yafe mini, zafin rai ne.

Bari in gaya miki yadda aka yi. Da hantsi suka zo a motar hukuma. Alƙalin ɗan gajere ne marar girman kai, ya naɗe ƙafar wando ya tsallake kwata da kansa. Zaman da ɗakin ya yi a kulle ya sa warin ya taru, ina buɗe ƙofa magatakardan kotu ya ja da baya yana tari. Alƙali ya shiga, ya dafa bango, siminti ya zubo masa a takalmi. Na ga idonsa, wallahi tausayi ne na gaske, kuma a lokacin daɗi na ji. Na ce yau dai an gan mu.

Inna ta fito daga bayan shago ba wanda ya kira ta, sanye da zanenta mafi kyau. Ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Sannunku da zuwa. Ku yi haƙuri da yadda kuka same mu, ba haka muke ba." Alƙali ya rusuna ya gaishe ta.

Lauyarmu ta yi mini tambayoyinta, na amsa yadda muka shirya. Sai lauyan hukuma ya matso, murya ƙasa-ƙasa kamar mai duba marar lafiya. Ya ce, "Malama, a ɗakin nan mahaifiyarki take kwana yanzu?" Na ce a'a, a shagona. Ya ce, "Wa ya fitar da ita?" Na ce ni. Ya ce, "Ke nan ke da kanki kin ga bai dace da zaman mutum ba?" Na gane maganar, Auta, kuma na fito da niyyar ba zan faɗe ta ba. Lauyarmu ta yunƙura za ta tare, sai ya ƙara da cewa, "Ko kuwa ɗakin lafiya lau yake, abin ne kuka zuzuta?" Ga mutanen unguwa cike da ƙofa suna kallona, ga shekarun da muka yi ana ce mana maƙaryata. Ban san lokacin da na ɗaga murya na ce, "Ko akuya ba za a ɗaure a nan ba!" Mutane suka yi tafi. Ya ce ya gode, ya koma gefe. Magatakarda ya rubuta.

Daga bayana Inna ta ce, "Ni dai ba akuya ba ce, kuma a nan nake zaune." Nata ba a rubuta ba, don ba ta cikin shaidu.

Da na nuna wa lauya takardarki, zama ta yi a bencin shago ta rufe fuska da fayil. Ta ce ta hango hakan, amma ta yarda ba za su kuskura ba. An sa ranar hukunci. Ki yi mana addu'a, sai dai ban san me zan ce ki roƙa ba, mu ci ko mu faɗi.

Yayarki

* * *

Yaya,

Lafiya nake, an janye yajin, an yi mana alkawari kamar kullum. Yaya jikin Inna?

A rediyon ɗakin shayi na ji, wai talakawa sun kayar da hukumar birni a kotu. Abokan aiki suka rungume ni, shugabar ƙungiya ta ce wannan darasi ne ga duk mai jin tsoro. Na tsaya ina washe baki kamar wawiya. Sai mai labarai ya karanto inda alƙali ya yi zancen ɗakin wata dattijuwa da ya gani da idonsa, da shaidar 'yarta. Na shiga banɗaki na yi kuka har ya ishe ni.

Me ake ciki? Sun zo? Na nemi hutu in taho an hana ni, wai duk wadda ta yi yaji ta ci hutunta. Ki turo mini Inna tun kafin ta ga abin da ba za ta iya mantawa ba. Na gyara mata gado.

Autarku

* * *

Auta,

Ki karanta wannan da sauri. Na zaɓi yau don na san ba ki da aiki, kuma na ce wa direba ya bar Inna a mota ya fara hawo miki da takardar. Lafiyarta ƙalau, maganinta na cikin jakar hannu.

Mun ci shari'a, kin ji. Alƙali ya ce hukuma ce da laifi, ta gyara kwata, ya kuma rubuta cewa wurin bai dace da zama ba har sai an gyara. Ba a rufa mako ba masu farar rigar nan suka dawo da ladabinsu, 'yan sanda na biye. Suka bi gida-gida suna sa alamar rusau a ƙofa, na masu fenti da na marasa fenti duka. Wai don lafiyarmu, za a kai mu wasu rumfunan kwano a bayan gari kafin a gyara. Ba wanda ya faɗi ranar gama gyaran, amma an riga an kafa allon wani kamfani a bakin titi da zanen benaye. Lauya ta nemi a dakatar, aka sa mata ranar da ta wuce ranar rusau. Ba ta bar mu ba, kullum tana nan. Kafinta bai ce mini ai ya faɗa ba, shi ne ma ya taya ni ɗaure keke.

Motocin rusau suna bakin makaranta tun jiya. Ni ba zan taho ba. Gobe mu da Hedimasta da sauran da suka rage za mu zauna a ƙofar gidajenmu, in sun so su ɗauke mu da hannu, kowa ya gani. Ni na buɗe baki a gaban alƙali, ba zan kasance a mota ranar ba.

Inna ce ta fi tayar mini da hankali. Na buɗe mata ɗakin ta koma, ta ce ko rufin za a sauke mata a ka ba ta fita. Hedimasta ya roƙe ta, lauya ta roƙe ta, matar kafinta har da kuka. Ta ce a nan ta haife mu, a nan ta yi jinyar Baba, a nan za a zo a same ta. Na ce kin gyara mata gado, ta amsa tana kallon matar kafinta, wai ba ta zaman cin arziki a ɗakin 'ya.

Sai yau da safe na shiga na ce mata an aiko daga asibitinku, Auta ba lafiya, tana kwance ba mai ba ta ko ruwa. Allah ya yafe mini. Ban rufe baki ba ta sauko daga gado. Ta manta ba ta magana da ni, ta hau ni da faɗa: me ya sa ban faɗa tun jiya ba, zazzaɓi ne ko ciwon ciki, wa ya duba ki. Zani biyu kawai ta ɗauka, ta leƙa ta gaya wa matar kafinta ba daɗewa za ta yi ba, a kula mata da gida. Sauran kayanta na bayan mota a ƙarƙashin buhuna, ba ta sani ba. Direba zai ajiye su wurin maƙwabtanki.

Saboda haka ki hau gado ki ja bargo. Ke nas ce, kin san yadda marar lafiya yake yi. Ki nemi hutun jinya, wannan ba za su hana ki ba. Ki kashe rediyo. Ki bar ta ta dafa miki, ta yi miki faɗa, ta taɓa goshinki. In ta ce ta ga kin ji sauƙi za ta koma gida, ki ce jiri kike ji.

Don Allah, Auta, kada ki yi saurin warkewa.

Yayarki